Tsohuwar kwalbar CRT ta dushe: in farfaɗo da ita ko in ƙyale ta?

Koren_Haske:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijo mai gyaran kayan lantarki da ya ajiye aiki ya bar min kwali guda na tsofaffin kwalaben CRT, wato kwalaben gilashin da ke nuna hoto a tsohuwar talabijin da makamantanta. A ciki akwai 3BP1 guda biyu, da DG7-32 ɗaya, da wata 'yar ƙarama mai rubutun Rashanci, sai kuma kwalbar talabijin mai kala, inci 14. Burina in haɗa agogon nan da ke zana lambobi da koren haske a fuskar kwalba. Na gwada 3BP1 ɗaya, ɗigon haske ya fito, amma a dushe yake, sai an kashe fitilar ɗaki ake ganinsa sosai. Wani ya ce min in ba katod ɗinta shok da injin farfaɗowa, nan take za ta dawo sabuwa. Ku da kuka daɗe a harkar, in yi ko kada in yi?

Baba_Filaibak:
Wa alaikumus salam. Kada ka yi, ɗana, aƙalla ba yanzu ba. Kwalbar da ta shekara da shekaru a kwali ba a yanke mata hukunci a ranar da aka tashe ta. Ka ba hita ɗinta wuta ita kaɗai, bolt 6.3 daidai, ba tare da ka haɗa babbar wuta ba, ka bar ta ta yi awanni tana ɗumi. Katod ɗin nan wata 'yar hula ce ta nikel da aka shafa mata oksayid na bariyom da sitirontiyom. Idan ta daɗe ba ta yi zafi ba, ragowar iskar da ke cikin kwalbar takan lulluɓe fuskarta, ilektiron ya kasa fita yadda ya kamata. Zafi kaɗai yakan gyara wannan a lokuta da yawa. Na ga kwalaben da aka fitar da rai da su sun warware da ɗumi kawai.

Mai_Dalma:
Kafin ma a je nan, ka duba geta tukuna. A wuyan kwalbar ko kusa da gindinta za ka ga wani tabo mai sheƙi, launin azurfa ko baƙi-baƙi. Bariyom ne aka fesa a jikin gilashin lokacin ƙera ta don ya riƙa shanye ragowar iska. In ya koma fari fat, iska ta shiga, magana ta ƙare.

Dalibi_555:
Mai_Dalma, ai ya ce haske ya fito. Kwalbar da iska ta cika za ta nuna ɗigo?

Mai_Dalma:
Wadda ta cika ba za ta nuna ba, hitarta ma ƙonewa za ta yi. Amma akwai ta tsaka-tsaki, wadda iska kaɗan ta taru a ciki. Ita takan ba da haske a dushe, ɗigon ya ƙi tsukewa, wani lokaci ka ga wani shuɗi-shuɗi ko shunayya yana haskawa a cikin wuyan. Shi ya sa na ce ya duba, har da ta biyun da bai kunna ba.

Injiniya_Sifili:
Ni tambaya ɗaya gare ni wadda ba wanda ya yi. Malam Koren_Haske, bolt nawa ka ba ta?

Koren_Haske:
Kusan 700 tsakanin katod da anod, wato ɓangaren da ke janyo ilektiron zuwa fuskar kwalba. Abin da taransifomar da ke hannuna ta iya bayarwa ke nan. Geta kuma na duba, duka biyun suna sheƙi.

Injiniya_Sifili:
To ai ga amsar nan. Takardar bayanan 3BP1 ta nuna ana tafiyar da ita ne a bolt 1500 zuwa 2000. Ka ba ta ƙasa da rabin abin da take buƙata, sannan ka ce ba ta da lafiya. Hasken fosfo, wato shafin cikin fuskar kwalba da ke haskawa, ya dogara da abu biyu: yawan ilektiron da ke dukansa, da kuma ƙarfin gudun da suka zo da shi. Katod ke da alhakin na farko, babbar wuta ke da alhakin na biyu. Injin farfaɗowa ba ruwansa da na biyun.

Idan ba ka son wahalar bolt 1500, ga DG7-32 a cikin kwalinka. Philips sun yi ta don ƙaramar wuta, a bolt 500 tana aiki lafiya lau, hitarta ma amfiya 0.3 take ci, rabin na 3BP1. Masu haɗa agogo da yawa ita suke nema saboda wannan dalili.

Gwanin_Benci:
Ni fa ban gane tsoron da kuke yi wa injin farfaɗowa ba. Na yi amfani da injin B&K 467 shekaru masu yawa, kwalaben da na tayar da shi ba sa ƙirguwa. Talabijin ya zo hoto ya koma ja-ja saboda bindigar ilektiron mai ba da launin kore ta yi sanyi, ka danna, hoto ya dawo, mai kaya ya tafi yana sa albarka. Me ya yi zafi?

Baba_Filaibak:
Gwanin_Benci, bayan wata nawa mai kayan yake dawowa? Injin nan abin da yake yi shi ne ya ƙara wa hita zafi, sannan ya sa girid, wato murfin ƙarfen da ke gaban katod, ya fizgi wuta mai yawa daga gare ta, fuskar da ta mutu ta ɓare, sabuwa ta bayyana. Shafin oksayid ɗin siriri ne, duk dannawa ɗaya kana rage shi ne. Bulala ce ga jakin da ya gaji: zai yi gudu, amma ba ƙarfi ka ƙara masa ba. Kai a shago kake, mai kaya yana tsaye a kanka, kuma a zamanin in ta mutu akwai sabuwa a kasuwa. Wannan bawan Allah kuwa abin da ke hannunsa an daina ƙera shi tun kafin a haife shi.

Gwanin_Benci:
Baba, ban musa ba, wasu suna dawowa. Amma wasu sun yi shekaru. Kwalbar da ta riga ta mutu me za ka yi asara in ka gwada? Abin da na yarda da shi kawai, a bi mataki-mataki. Injinan kirki irin su Sencore CR70 suna da matakai, daga mai sauƙi wanda ke ƙayyade wutar, har zuwa mai tsanani. Wanda ya fara da na ƙarshe shi ke kashe kwalba. Kuma kwalbar Trinitron ta Sony ni ma ina taka-tsantsan da ita, ba ta cika jure dukan nan ba.

Ummu_Lantarki:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ana ta maganar bolt 1500 da wanda ban san iya gogewarsa ba, ba wanda ya ce masa komai game da ransa. Ɗan'uwa, mitar hannu ta yau da kullum iyakarta bolt 600 ko 1000, a jikinta aka rubuta. Kada ka ɗora ta kai tsaye a kan 1500. Ka nemi sandar awon babbar wuta mai raba dubu zuwa ɗaya, ko ka jera resistoci masu yawa a layi. Na ce masu yawa don ƙaramar resista ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kusan bolt 250 a kanta, komai girman om ɗinta. Ka sa resistocin da za su riƙa zuƙe cajin kafasita da zarar an kashe wuta, kuma duk da haka ka auna kafin ka taɓa. Hannu ɗaya a aiki, ɗayan a aljihu. Tabarau na kariya a fuska duk lokacin da kwalba take tsirara a kan tebur. Kuma ba a ɗaga ta ta wuya.

Dalibi_555:
Hajiya, na ji an ce kwalbar kanta tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket. Har waɗannan ƙananan?

Ummu_Lantarki:
Ta talabijin ce ke da wannan hali sosai. An shafa mata baƙin girafayit ciki da waje, gilashi na tsakani, ka ga ta zama kafasita ke nan. Mai kala tana aiki a wajen bolt dubu 25, kuma cajin yakan zauna bayan an kashe. Ana sauke shi ne ta ƙarƙashin robar nan mai kama jiki, da waya mai resista wadda aka haɗa da igiyar ƙarfen da ke rungume da bayan kwalbar. Ko an sauke, a jima kaɗan a sake, domin gilashin yakan mayar da wani ɓangare na cajin. Ƙananan irin 3BP1 ba su da wannan shafin na waje. A wurinsu haɗarin yana cikin kafasitocin da kai ka haɗa.

Tsohon_Rada:
Ƙari a kan maganar Hajiya: cajin kwalbar ba shi ya fi raunata mutane ba, firgitar ce. Wuta ta ja ka, hannu ya fizge, ka yanke a jikin ƙarfe ko ka saki kwalbar. Tunda ba iska a cikinta, iskar waje tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya. Lissafa faɗin kwalbar inci 14 ka gani. In ta fashe ciki take rubzawa, sannan ɓaraguzan su watsu. Ɗamarar ƙarfen da ke zagaye da fuskarta kada wanda ya yi gigin cire ta.

Koren_Haske:
Na gode ƙwarai, ina rubutawa. Ita ta Rashan, rubutun jikinta in aka mayar da shi boko 6LO1I ne. Akwai wanda ya san ta?

Tsohon_Rada:
Ta Tarayyar Sobiyet ce. Lambar farko girman fuska ne a santimita, LO na nufin ta osiloskof ce (na'urar da ke zana siginar lantarki a allo) mai karkata haske da faranti, harafin ƙarshe kuma irin fosfo ne, harafin I na nufin kore. Da LK ka gani, ta talabijin ce. Amurkawa nasu tsarin daban: a 3BP1, 3 inci uku ne, P1 kuma koren fosfo. P4 shi ne farin talabijin marar kala, P22 na mai kala, P31 koren da ya mamaye osiloskof na baya-baya. Wanda na fi ƙauna P7 ne na rada: inda hasken ya sauka ka ga shuɗi mai haske, bayan ya wuce ya bar rawaya tana dushewa a hankali na daƙiƙoƙi. A agogo, hannun sakan yakan bar sawu a bayansa. Wasu ba sa so, ni kuwa shi ne daɗin abin.

Sarkin_Tambaya:
Don Allah me ya sa ba zai yi amfani da ta talabijin ɗin ba? Ta fi girma, ta fi haske, ga kala.

Injiniya_Sifili:
Saboda hanyar karkata hasken ba ɗaya ba ce. Ƙananan suna da faranti huɗu a ciki, bolt kawai za ka ba su hasken ya tafi inda kake so, kusan ba sa cin wuta. Ta talabijin da koyil ake juya ta, wanda ke zagaye da wuya, shi kuma amfiya yake so, kuma koyil ba ya son a canza masa wuta da sauri. An yi na kwance don ya yi ta shara layi bayan layi sau dubu 15 da 'yan kai a sakan, ba don zana lamba ba. Ana iya yi, na'urar wasa ta Vectrex da ta fito a 1982 da maganaɗisu take zana layukanta, amma an tsara mata koyil da amfilifaya na musamman. Ga mai farawa wannan doguwar hanya ce.

Dan_Bidiyo:
In dai ƙaramin hoto mutum yake so ba agogon zane ba, ya nemi tsohuwar kyamarar bidiyo ta kaset ya ciro madubin leƙenta. Akwai 'yar kwalbar CRT a ciki da ba ta kai yatsa ba, da allonta a haɗe. Yawancinsu bolt 5 da siginar bidiyo kawai suke buƙata.

Sarkin_Tambaya:
To maganar cewa suna fitar da hasken eksire fa?

Ummu_Lantarki:
A bolt dubu biyu ba abin da zai ratsa gilashin ya fito. Manyan masu kala ne aka damu da su, shi ya sa gilashin mazurarinsu da wuyansu ke ɗauke da dalma, na fuska kuma bariyom da sitirontiyom. Amurka ta yi doka a kan haka a 1968. Matsala tana zuwa ne in wani ya ɗaga babbar wuta fiye da ƙa'ida don neman haske. Dalmar nan kuma ita ce dalilin da ba a fasa su a zubar a bola.

Mai_Dalma:
Mu koma kan shiri. Abu uku da ke lalata kwalba a hannun mai son tsafta. Rubutun lambar jikinta da ruwa kaɗan yake gogewa, ka ɗauki hotonsa kafin komai. Baƙin shafin bayan ta talabijin shi ma ruwa yana wanke shi, a kakkaɓe ƙura kawai. In ya riga ya ɓaɓɓare ana sake shafa fentin girafayit, amma a bar kewayen ramin anod ba shafi. Na uku gindin baƙin roba mai ƙafafu. Tsohon gam ɗinsa yakan saki, ka ji yana girgiɗi. Kada ka murɗa, siraran wayoyi ne a ciki, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan tsinin gilashin da aka zuƙe iska ta nan aka liƙe. Shi ya karye, shi ke nan. A liƙe gindin da silikon marar warin tsami, ba da gam mai kamawa nan take ba, don wannan yakan tsaga gilashi in wuri ya yi zafi. Sannan a sake narka dalmar bakin ƙafafun, sau da yawa hitar da ake zaton ta yanke a nan matsalar take.

Gwanin_Benci:
Ba wanda ya ambaci yanar ido. Tsofaffin masu kala na shekarun 1960 da aka manna musu gilashin kariya a fuska, gam ɗin tsakani yana lalacewa daga gefe yana cin tsakiya. Ana ɗumama shi a raba gilashin biyu, a kankare, a mayar. Aiki ne mai haɗari, ban ba sabon shiga shawara ba.

Baba_Filaibak:
Ta Koren_Haske mai inci 14 ba ta kai wannan tsufan ba. Amma tunda an zo nan, ku sani a da in katod ta ƙare ba a zubar da kwalba. Akwai masana'antun da ke yanke wuyan, su liƙa sabuwar bindiga, su zuƙe iska a cikin tanda, ta dawo aiki. Hawk-Eye a jihar Iowa ta Amurka ta rufe a 2010, RACS ta Faransa ta bi baya a 2013, kayan aikinsu suka koma gidan tarihin talabijin da ke Hilliard a jihar Ohio. Sony ma ta daina Trinitron a 2008, shekara 40 bayan fitowarta. Abin da Karl Ferdinand Braun ya fara a 1897 yanzu sai abin da ya rage a kwalaye. Shi ya sa nake faɗa da Gwani a kan dannawa.

Gwanin_Benci:
Baba ba faɗa muke ba. Cewa na yi a auna. In an ɗumama, an ba ta cikakkiyar wuta, awo ya nuna katod ta yi rauni, to ajiye ta a kwali ma ai mutuwa ce.

Dalibi_555:
Wanda ba shi da injin gwaji yaya zai auna?

Injiniya_Sifili:
Ka sa resista a layin katod ka auna wutar da ke bi ta cikinta, amma ka tuna layin nan yana kan babbar wuta: a maƙala mita tun wuta na kashe, ba a riƙe ta a hannu. Ka lura ko adadin yana hawa yayin da take ɗumi. Sannan ka rage wutar hita da kusan kashi 10 cikin 100. Katod mai lafiya ba za ta damu sosai ba, mai rauni nan da nan za ta zube. Injinan gwaji ma dabarar da suke yi ke nan wajen kintata sauran kwananta.

Koren_Haske:
Ga inda aka kwana. Na bar hita ta yi ɗumi kamar yadda Baba ya ce, na kuma ninka wutar da dayod da kafasita ta kai kusan 1400. Haske ya zo sosai, har da fitila a kunne ana gani. Sai dai ɗigon ba ya zama zagaye, in na gyara shi ta tsaye sai ya baje ta kwance. Kuma yana ɗan rawa.

Ummu_Lantarki:
Maza ka rage hasken. Ɗigo mai ƙarfi da ya tsaya wuri ɗaya yana ƙona fosfo, tabon kuma ba ya fita har abada. Duk lokacin gwaji ka bar shi yana motsi ko a baje.

Injiniya_Sifili:
Bajewar nan daga faranti ne. Matsakaicin bolt ɗinsu ya kamata ya zo kusa da na anod na ƙarshe, in sun bambanta sai su zama wani ruwan tabarau da ba a gayyata ba. Ka sa abin murɗawa da zai riƙa ɗaga bolt ɗin anod ko sauke shi kaɗan, ka daidaita shi tare da na fokas. Kada ka bar ko faranti ɗaya a sake ba haɗi. Anod na fokas kuma a wannan wutar wajen bolt 400 yake so sama da katod.

Wani abu: ina fatan katod ce ka kai ƙasa zuwa debe 1400, anod yana kusa da sifili. Haka ake yi don faranti su zauna inda taransista za ta iya tuƙa su. In haka ne, wayar hita dole ta fito daga naɗi nata na daban mai rufi mai ƙarfi, a haɗa gefe ɗaya da katod, don rufin da ke tsakanin hita da katod bai wuce bolt ɗari da 'yan kai yake ɗauka ba. Ka kuma shirya: a wannan wutar kusan bolt 150 kake buƙata kafin ɗigon ya matsa inci ɗaya. Ƙarin haske, ƙarin wahalar tuƙi.

Tsohon_Rada:
Rawar kuma taransifomarka ce, maganaɗisunta na kaɗa hasken. Matsar da ita nesa, ko ka kai ta bayan gindin kwalbar ka riƙa juya ta har rawar ta lafa. In ka samu rigar miyu-metal, wato ƙarfen da ke tare maganaɗisu, ta tsohon osiloskof ka sa wa kwalbar, amma kada ka lanƙwasa ta ko ka buga, ƙarfinta raguwa yake. Ko maganaɗisun ƙasa ma yana taɓa su, har masu ƙera talabijin mai kala sukan saita na arewacin duniya daban da na kudanci.

Baba_Filaibak:
Gwani, ka ga ɗumi ya yi aiki.

Gwanin_Benci:
Baba, abu biyu ya canza a lokaci ɗaya, ɗumi da wuta. Ta yaya ka san wanne ne ya yi aikin? Malam Koren_Haske, ta biyun ba ka taɓa ta ba ko? Ka ɗora ta a 1400 ɗin kai tsaye bayan minti biyar na hita, ka rubuta awon katod, sannan ka ɗumama ta ka sake aunawa. Mu ga lambobi.

Mai_Dalma:
In akwai ragowar iska a cikinta, babbar wuta kafin ɗumi tana iya illata katod ɗin. Kada a yi gwajin musu da kwalbar mutum.

Koren_Haske:
Zan fara da 700 ɗin da na yi wa ta farko, in auna kafin ɗumi da bayansa, hakan ya fi min kwanciyar hankali. Kafin nan, wa ke da tsarin ƙafafun 6LO1I? Soket ɗinta ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban son in liƙa waya kai tsaye a jikin ƙafafun.